Kyamarar Nea Pandele da Burodin Ista

Shekara talatin da takwas Nea Pandele ya yi yana auna hatsi a babban rumbun garinmu, kuma har ya ajiye aiki ba wanda ya taɓa jin kalmar "kusan" ta fito daga bakinsa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce tara da minti goma sha ɗaya. In ka ce masa yau ana sanyi, sai ya ce, "Nawa?" Ni Viorika, mai raba wasiƙu, shinge ɗaya ya raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Ɗan mai amalanke ne, na biyar cikin 'ya'ya bakwai. Gajere ne kakkaura, da gashin baki kamar buroshin goge takalmi, kuma duk inda za shi akwai wani ƙaramin sikeli mai ƙugiya a aljihun kwat ɗinsa. Masu sayar da kifi a kasuwa in sun hango shi sai su fara gyara tsayuwa.

A bakin aiki ya samu matarsa. Wata rana da kaka, yana saurayi, aka kawo amalanken masara, wata budurwa na zaune a saman buhunan tana cin tuffa. Ya auna amalanken da ita, ya ce ta sauko, ya sake aunawa, sannan ya ɗaga murya gaban layin direbobi ya ce, "Kilo sittin da biyu!" Ta jefe shi da guntun tuffar a tsakiyar goshi. Kafin shekara ta zagayo an yi biki. Har yau matar tasa, Tanti Aurika, cewa take hamsin da takwas ne, sauran takalmi ne.

'Yarsu ɗaya, Mirela. Tana Torino ta ƙasar Italiya tana kula da wata tsohuwa, mijinta Sorin kuma yana aikin gini. Da suka zo hutu a shekarar dubu biyu da biyar, suka kawo wa iyayen tsohuwar kwamfutar Sorin, wai ko za su koyi aika saƙo. Tanti Aurika ta sa aka ajiye ta a ɗakin baƙi, ta lulluɓe ta da kyalle mai ado, ta ɗora kifin gilashi a kai. Ba wanda ya sake taɓa ta sai mai share ƙura.

Rigimar ta taso ne a makon farko na azumin Ista, wanda ba a cin nama, ƙwai ko man shanu a cikinsa. Na shiga kai musu takardar fansho na tarar Tanti Aurika riƙe da tarho, tana magana da ƙarfi kamar Torino a ƙetaren kogi take. Mirela ce ke son ta yi kozonak, burodinmu na Ista mai ƙwai da man shanu, da hannunta a karon farko, don ta gaji da sayen burodin Italiyawa a ranar Ista.

Ina jiyo muryarta daga cikin tarhon. "Mama, fulawa nawa?"

"Daidai yadda zai sha."

"To zai sha nawa?"

"Ke, shi zai gaya miki."

"Man shanu fa?"

"Kada ki yi rowa, kada kuma ki yi hauka."

Nea Pandele ya fizge tarhon. "Kin ji ko? Kin ji abin da nake fama da shi? Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da matar nan, ko lamba ɗaya ba ta taɓa ba ni ba!"

"Amma ci kana ci," in ji Tanti Aurika.

Ya murza gashin baki. Can sai ya ce wa 'yarsa, "Ki bar mini. Gani ya kori ji. Zan ɗauke ta a kyamara daga buɗe buhu har fitarwa daga tanda, in zuba a kwamfutar nan, in aiko miki." Ya ajiye tarhon kamar wanda ya gama aikin.

"A cikin azumi za ka sa ni fasa ƙwai?" in ji Tanti Aurika.

"Ba ci za mu yi ba. Ɗauka za mu yi."

Ni ke zuwa birnin Braila kowace Asabar wurin ƙanwata, don haka ni na zama direbansa. Shagon kayan lantarki da muka shiga, mai shi wani ne Domnu Relu, mutum mai sanƙo da fara'a, wanda ya tarbe mu da murmushi don bai san abin da ya shigo masa ba.

Ya jera kyamara uku a kan kanta. Ɗaya tana ɗauka a ƙaramin kaset kamar akwatin ashana, ɗaya a ɗan faifai, ɗayar kuma a cikinta take ajiye komai.

"Wannan ta ukun ita ce ta zamani, Nea Pandele. Ba kaset, ba faifai."

"To ina hoton yake zama?"

"A cikinta."

"In ta mutu fa?"

"Ba ta mutuwa."

"Domnu Relu, kowa na mutuwa." Ya ture ta gefe da yatsa ɗaya. Ya ɗaga mai faifai. "Wannan minti nawa take ci?"

"Talatin."

"Matata a minti talatin ko faɗan farko ba ta gama ba." Ita ma ya ture ta.

Na ce a raina shi ke nan, saura ɗaya, mu biya mu tafi. Ashe masu kaset ɗin ma iri biyar ne a shagon. Idonsa ya faɗa kan wata da aka rubuta wa lamba ɗari takwas a jiki, ya tambayi ma'anarta. Domnu Relu ya ce tana jawo abu kusa har sau ɗari takwas. Nea Pandele ya fita bakin ƙofa da ita, ya saita wata mata mai sayar da furanni a ƙetaren titi, ya danna ya yi ta dannawa. Matar ta matso, ta ƙara matsowa, sannan ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai masu launi.

"Zo ka gani. Wannan mace ce ko bargo?"

Domnu Relu ya sosa sanƙo. Ya ce gaskiya sau ashirin gilashin ke jawowa, sauran miƙa hoton kawai ake yi.

"Wato ashirin ne aka jiƙa shi ya kumbura. A rumbu, wanda ya zuba wa alkama ruwa don ta yi nauyi, akwai sunan da muke kiransa." Ranar ba mu sayi komai ba.

Asabar ta biyu ya zo da jakar raga. Ya riƙa saka kyamarorin ɗaya bayan ɗaya a ciki, yana ratayawa a ƙugiyar sikelinsa, yana rubutawa a bayan ambulan. Wata kwalinta ya ce giram ɗari huɗu da goma, sikeli ya ce ɗari huɗu da sittin da biyar.

"Ba su haɗa da batir ba ne," in ji Domnu Relu.

"Tana aiki ba batir?"

"A'a."

"To ashe gawarta suka auna."

Mutane suka fara taruwa. Wani mutum da ya shigo sayen dutsen guga ya miƙo nasa ya ce don Allah a auna masa shi ma. Domnu Relu ya ja ni gefe ya ce, "Madam, mahaifinki ne?" Na ce maƙwabci ne. Ya ce, "Allah ya ba ki lada."

Sai a Asabar ta uku ya zaɓa. Ya ɗauki wata baƙa mai kaset, wadda lambar jikinta ta fi ta kowa ƙanƙanta, don a cewarsa ita ce ba ta cika baki ba. Domnu Relu na naɗe kwalin cike da murna, amma duk da haka mutumin kirki ne, ya tsaya ya yi tambaya.

"Kwamfutarka tana da ramin da wayar bidiyo ke shiga?"

"Daga Italiya ta zo," in ji Nea Pandele. "Ba ramin da ba ta da shi."

Ranar Talata aka sa ɗauka. Aka kira ni riƙe kwano, don kwaɓin kozonak sai da mai danne kwano. Na shiga kicin na tarar an rufe taga, an toshe ƙasan ƙofa da tsohon bargo, murhu na ci kamar za a narka ƙarfe. Tanti Aurika na tsaye da rigar zuwa coci da 'yan kunne, an yi gyaran gashi.

Nea Pandele ya shigo da kyamara daga ɗaki mai sanyi, ya kunna. Gilashinta ya yi hazo, ta yi ƙara sau uku, ta nuna hoton ɗigon ruwa, ta ɗauke. Ya duba littafinta. Wai raɓa ta kama ta, sai an bar ta awa guda.

"Buɗe taga kaɗan ta sha iska," in ji shi.

"Ka taɓa tagar nan ka gani. Iska ta ratsa kwaɓina ya kwanta, ni kuma wuyana ya sandare har Ista? In kyamararka ba ta da lafiya, lulluɓe ta."

Haka aka yi. Aka naɗe kyamara da tawul aka ajiye ta kusa da kwanon yis, su biyu suna hutawa, mu uku muna zufa.

Da ta farfaɗo ya ɗaga ta ya ce a fara. Tanti Aurika ta dubi 'yar jar fitilar nan ta ƙame kamar ta haɗiyi tabarya. Matar da ake jin muryarta daga tashar mota, sai ga ta tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai karanta labarai.

"Barkanku da war haka. Yau za mu ɗauki fulawa..."

"Su wa kike gaisarwa? 'Yarki ce!"

"Za mu ɗauki fulawa, cikin ladabi..."

"Tsaya! Kafin ki zuba, bari in auna."

Ya miƙa mini kyamarar, ya zaro sikeli. Ya auna fulawa, ya faɗi lamba da ƙarfi. Ya auna sukari. Yana juya baya don ya rubuta, sai ta cika hannu biyu da fulawa ta ƙara. Ya waiwayo ya ga kwanon ya tashi.

"Me kika zuba?"

"Ba komai."

"Viorika, me ta zuba?"

Na ce ni ƙafafuna nake ɗauka, ban san yadda ake ɗaga abin ba.

Daga nan ladabi ya ƙare. Ya ce ta lalata lissafi, ta ce lissafinsa bai taɓa ƙosar da kowa ba. Ta cire 'yan kunne, ta naɗe hannun rigar coci, ta ɗaga kwaɓin nan sama ta maka shi a tebur, tim! Kofuna suka yi tsalle. Ya karɓi kyamara da sauri, ni na rungume kwano.

"Shekara arba'in da ɗaya," tim, "kana auna mini albasa," tim, "ka auna mini sabulu," tim, "ranar da na haihu kafin ka tambayi lafiyata," tim, "sai da ka tambayi nauyin jaririya!"

"Kilo uku da ɗari biyu," in ji shi daga bayan kyamara. "Ci gaba, hoton na kyau."

Kaset ya ƙare daidai lokacin da ta rufe kwaɓin. Naɗawa da gasawa ba su samu shiga ba, don kaset ɗaya ya saya. Da yamma kozonak huɗu suka fito, jajaye, sun kumbura har sun tsage a baya, ƙamshi ya cika layi. Ga azumi. Muka zauna muna kallonsu kamar kuraye a bakin garke. Tanti Aurika ta naɗe su ta saka a firiza, ta ba mu miyar wake.

Washegari aka sauke kifin gilashi, aka yaye kyalle. Cikin kwalin kyamarar akwai waya guda, kuma ta shiga kyamara ta shiga kwamfuta lafiya lau. Kwamfuta ta yi wani ɗan kiɗa. Nea Pandele ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya gyara kwala. Muka jira. Muka ƙara jira. Ko inuwar kwaɓi ba ta fito ba.

Ya buga wa Domnu Relu. Na ji shi yana maimaitawa: wai wannan wayar ta hotuna marasa motsi ce, bidiyon kaset sai da wata dabam, wadda sunanta da Turanci ke nufin wayar wuta.

"Wayar me?" in ji Tanti Aurika daga ƙofa.

"Suna ne kawai."

"Ba a ɗakin baƙina ba. Labulen nan uwata ce ta saƙa shi."

Ranar Asabar na kawo wayar. Kafin in cire takalmi Tanti Aurika ta riga ta ajiye bokitin ruwa kusa da tebur. Nea Pandele ya durƙusa bayan kwamfutar da tocila a baki, ya ƙirga ramuka goma sha huɗu, ya gwada kan wayar a kowanne, har da na fanka. Ba inda ta shiga. Akwai rami ɗaya da ya ce saura ƙiris, milimita ɗaya da rabi.

"Nea Pandele, mu sake buga wa mutumin," in ji ni.

"Don milimita ɗaya da rabi? A ce a Braila ban iya aiki ba?"

Ya fita rumfar kayan aikinsa, ya ɗaure kan wayar, ya sa magagari. Muna jin ƙurus-ƙurus har kusan rabin awa. Ya dawo da ita tana ƙyalli, ya cusa, ta shiga. Ta kuma fito da kanta ta faɗi ƙasa, kanta ya rabe biyu kamar ɓawon gyaɗa.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki. Muka naɗe kwamfutar da bargo, ya zaunar da ita a kujerar gaba ya ɗaura mata bel, shi ya koma baya. Domnu Relu ya gan mu daga cikin gilashin shagonsa, na ga ya yi alamar gicciye. Ya dubi gawar wayar, ya ajiye ta gefe. Ya kwance murfin kwamfutar, ya dasa mata wani ɗan kati mai ramin da ake nema, ya ɗauko sabuwar waya, ya gwada a gabanmu, ya nuna mana jan maɓallin da za a danna. Har mota ya rako mu, ya rufe mana ƙofa da hannunsa.

A gida komai ya tafi daidai. Aka haɗa, aka kunna, sai ga Tanti Aurika a allon kwamfuta da 'yan kunne tana cewa barkanku da war haka. Ita kanta ta dafe ƙirji. Nea Pandele ya danna jan maɓalli, bidiyo ya fara zuba. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun Italiyanci, don kwamfutar ba ta jin kowane yare sai shi, a ƙasansa da maɓalli guda ɗaya an rubuta Annulla.

"Tunda maɓalli ɗaya ne, shi ake so a danna," in ji shi. Ya danna. Komai ya tsaya.

Ya mayar da kaset baya, ya sake. Akwatin ya fito, ya danna, komai ya tsaya. Sau bakwai. A na biyar ya gwada jira minti ɗaya kafin ya danna, a na shida ya danna da hannun hagu.

Tanti Aurika ta sa tabarau ta matso. "An-nul-la. Wace ce Annulla?"

"Ina na sani?"

"Kwamfutar wa ce wannan?"

"Ta Sorin."

Ta zauna a hankali a bakin gado. "Na faɗa. Tun ranar da na ga ya fara shafa mai a gashi na faɗa. Ko ina ka taɓa sai sunanta ya fito, ko kunya babu. Wayyo 'yata, tana can tana wanke tsohuwar mutane, shi yana nan da Annulla!"

Na ce Tanti a bi a hankali. Ina! Ta riga ta ɗauki tarho.

"Mirela, kina tsaye? Nemi wuri ki zauna. Ki yi haƙuri, 'yata, maza duk haka suke, ban da ubanki, shi ba shi da lokaci. Akwai wata a cikin kwamfutar mijinki. Sunanta Annulla."

Sai muka ji wani sauti kamar ana shaƙe kaza. Tanti Aurika ta ce, "Yi kukanki, yi kukanki." Ashe dariya ce. Da ƙyar Mirela ta iya haɗa magana.

"Mama, ba mace ba ce! Ma'anarsa a fasa! Ku ce wa Baba ya daina dannawa!"

Tanti Aurika ta ajiye tarhon, ta gyara ɗankwali. "Duk da haka," in ji ta, "man gashin nan bai kwanta mini ba."

A karo na takwas Nea Pandele ya zauna a kan hannayensa biyu, awa guda cur, yana hararar Annulla tana hararsa. Bidiyo ya shiga kwamfuta tsaf, daga gaisuwa har tim na ƙarshe. Ya miƙe ya sumbaci matarsa a goshi, abin da ban taɓa gani ba, ta ce ya matsa yana warin zufa.

Saura aikawa, Ista kuma saura kwana goma sha uku. Ya sake buga wa Domnu Relu, ya karanto masa girman bidiyon, shi kuma ya faɗa masa gudun layin tarho irin namu. Nea Pandele ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan kalanda. Kwana talatin da awa huɗu, in ba wanda ya ɗaga tarho.

Domnu Relu ya ce ba damuwa, a kawo masa ya matse shi ya rage masa nauyi, ya zuba a faifai.

"Ka rage?"

"Ba za a ma lura ba."

"Haka duk masu ragewa ke cewa. Abin da na auna shi zan kai." Ya kashe.

Na ce, "To Nea Pandele, ka aika mata kyamarar da kaset ɗin mana, ta haɗa da talabijin ta kalla." Ya dube ni kamar na ce ya ba ni ƙodarsa.

"Kyamara tawa ce. Kwamfuta tasu ce."

Ranar Alhamis motar Italiya ke tashi daga gaban tsohon gidan sinima, kuma rabin garin ke zuwa da kwalaye, wannan cuku, wannan tsiran alade, wannan kwalaben miyar barkono. Muka kawo kwamfutar cikin kwalin talabijin. Tanti Aurika ta cike gefe da gefe da kozonak biyu, wai don kada ta girgiza a hanya. Direban na auna kowane kwali da sikelinsa kafin ya karɓa. Ya rataya namu ya ce kilo sha huɗu.

Nea Pandele ya zaro nasa. "Sha biyar da ɗari shida. Sikelinka na cutar ka, ɗana. Duk kwalin da ka karɓa yau ka yi asara."

Direban ya dubi sikelinsa, ya dubi tulin kayan da ya riga ya loda, ya ce a sauke a sake aunawa da na dattijo. Abin da matan layin nan suka kira Nea Pandele ranar, ba zan maimaita ba, ga shi kuma a cikin azumi. Wata ta ce Allah ya sa a auna shi a lahira da sikelinsa. Ya ce amin, ai shi ne daidai. Ni na ja shi zuwa mota, Tanti Aurika kuwa ta yi kamar ba ta san mu ba, ta bi ta bayan kasuwa.

Kwamfuta ta isa Torino ranar Asabar tana ƙamshin man shanu. Mirela ta ce sau uku suka kalla. Ta rubuta lambobin ubanta, ta ƙara hannu biyu na fulawa da ta ji ana faɗa a kansu, sannan ta ɗaga kwaɓi ta fara makawa a tebur, a hawa na biyar. Kafin ta kai ashirin maƙwabcin ƙasa ya hau da sandar tsintsiya yana tambaya wa ake kashewa. Ta koma yi a kan katifa. Kozonak ɗin ya fito gefe ɗaya a tashe gefe ɗaya a kwance, Sorin ya cinye shi a tsaye ya ce ya yi. Na uwarta biyu ta jera wa baƙi ranar Ista, kuma da suka yaba hannunta ba ta ƙaryata su ba. Kwamfutar ba ta dawo ba. Kifin gilashi ya koma kan firiji.

Nea Pandele bai damu ba. Ya sayi sabon kaset da jaka mai maɗauri, ya riƙa yawo da kyamara a ƙirji, yana ɗaukar ramukan titi don ya nuna wa magajin gari a ɗan allon gefenta. Kaset ɗin kozonak kuwa ya rubuta masa kwanan wata da awa, ya ajiye a aljihun tebur, in an yi baƙi ya fito da shi su haɗa kai su uku huɗu suna leƙe.

Cikin bazara kajin Tanti Aurika suka rage ƙwai. Kaji tara, ƙwai shida, kuma ba wadda ta amsa laifi. Wata rana yana barcin rana ta ɗauki kyamarar, ta laluba aljihun tebur ta samu kaset, ta saka, ta ɗora ta a kan bulo cikin akurki ta danna jan maɓalli. Kwana uku tana haka, kullum ta mayar da kaset baya ta sake.

Ranar Lahadi fada, limamin cocinmu, ya biyo gidan bayan coci, Nea Pandele ya ce sai ya ga yadda ake kozonak na gaskiya. Ya saka kaset, ya buɗe allo, suka sunkuya. Sai ga wata jar kaza ta cika allon, ta karkata kai tana kallon fada da ido ɗaya.

Ina shanya a bayan gida na ji ihunsa. "Aurika! Ina kika kai kanki? Awa guda na aiki! Mako bakwai na wahala!"

"Ina nan a kicin, ban je ko ina ba. In kozonak kake so ka sayo ƙwai, don waɗannan uku ba sa yi." Ta leƙo ta taga ta hango ni. "Viorika, bar shanyar nan ki zo. Ga jar nan a tukunya, sauran biyun sai mako mai zuwa."

Fada ya ci kwano biyu. Nea Pandele ya ce shi ba zai ci ba, ya zauna ya juya mana baya yana goge gashin kaza daga jikin kyamara. Da aka zo kan cinya ya juyo da kujerarsa.